Sawun da Ya Kauce a Hanyar Kango

Ni na fara ganinsa, kuma har gobe ina jin haushin haka. Na sauka ɗakin albarushi ne in ce masa kifi ya gasu, sai na tarar da Mista Tully kwance a ƙasan matakala, wuyansa ya karkace yadda na mai rai ba ya karkacewa. Akwatin gilashinsa yana buɗe a kan dutse. Ƙoƙon kan mutum da ke ciki babu shi.

Ban yi ihu nan take ba. Sai da na rarrafo sama na zauna cikin rana, sannan muryata ta fito.

Lahadi ce, tsakiyar rani. Mu goma sha huɗu muka zo Kango a jirgin ruwan ƙanena Fabian: Turawa masu yawon buɗe ido biyar, sauran kuma 'yan garinmu da suka biyo mu don su sha iska su kama ƙaguwa. Ni ce mai dafa abinci a irin wannan fita. Kango tsohuwar ganuwar dutse ce a bakin teku. Sojan Ingila suka gina ta tun zamanin kakannin kakanninmu, zazzaɓi ya cinye su, suka bar mana rusasshiyar hasumiya da ɗakin albarushi a ƙarƙashin ƙasa. Tully ne mai kula da wurin, shi ke zagayawa da baƙi. Abin alfaharinsa kuwa ƙoƙon kan nan ne, wanda ruwan sama ya tono a bayan ganuwa shekara uku da suka wuce. Yakan ce wa baƙi na soja ne, su yi ta ɗaukar hoto da shi. Kowa a garinmu ya san ba soja aka binne a wannan gefen ba.

Mutane suka taru a bakin matakalar. Na ga idanu suna komawa wuri guda, kan Fabian.

Da safe muna sauka, a gaban kowa, ya ce wa Tully, "Wata rana kai ma za a sa naka kan a gilashi, mu ga ko za ka yi dariya." Da rana kuma ya ɓace fiye da awa guda. Ga shi yanzu tsaye da buhun ƙaguwa a hannu, da jini a gaban rigarsa.

Fabian ya taɓa yin wata goma sha takwas a gidan yari a birni saboda faɗa. A can ne wata safiya aka sauko da shi daga ƙarfen taga inda ya rataye kansa, da sauran numfashi. Ranar da ya dawo gida ya ce mini, "Yaya Bernadette, in aka sake kulle ni, kada ki jira ni." Na san ba zuƙi ta malle yake yi ba. Tun daga bakin matakalar nan ba abin da ke raina sai wannan magana.

*

Fabian da kansa ya kira 'yan sanda a oba-obar jirgi. Bayan awa biyu Saja Rowan ya iso a nasu jirgin da kurtu guda. Dogon mutum ne, rana ta mai da shi jajir. Ba mugu ba ne, sai dai kullum cikin sauri yake, ranar kuwa yana da dalili: ƙarfe biyar ruwa zai janye, duk jirgin da bai fita ba sai gobe.

Ya zauna a gindin tsamiya inda muka shimfiɗa kayan abinci, ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Fabian sai na matsa kusa, ina yi kamar ina kwashe kofuna.

"Ina ka je da rana?"

"Cikin laka, bayan tsinin gaɓar can."

"Kai da wa?"

"Ni da ƙaguwa."

"Wannan jinin fa?"

Fabian ya ɗaga babban yatsansa, a tsage. "Tambayi wadda ke saman buhun nan, ita ta yi."

"Ka ce za ka sa kansa a gilashi."

"Na ce wata rana za a sa. Ban ce ni ba."

Na ji kamar in kwaɗa masa butar shayi. Mutum ana neman ransa yana wasa da baki. Saja ya rufe littafinsa ya ce da shi ya zauna nan kada ya motsa.

*

Anti Imelda na zaune can gefe a kan wani dutse, tana ɓare burodin da aka gasa a toka tana ba tsuntsaye. Ta haura saba'in. Da ƙuruciyarta ita 'yan sanda suke ɗauka in wani ya ɓata a daji, kuma ba ta taɓa dawowa hannu sake ba. Ba ƙafar da ba ta sani ba a garinmu. Muna yara in aka saci mangwaron mishan, ba ta tambayar kowa, ƙasa take dubawa ta wuce gidanku kai tsaye. Ranar ta zo ne da 'yarta Loretta, mai cikin wata bakwai. Mijin Loretta, Ambrose, shi ke taya Fabian aikin jirgi, don haka kamar kullum ya zauna can goshin jirgi ya ba mu baya, ita kuma surukar tasa tana can ƙarshe.

Na durƙusa a gabanta. "Anti, za su tafi da shi."

"Na gani."

"To ki tashi ki duba ƙasa mana."

"Idona ya mutu, 'yar nan. Yanzu ko allura ba na iya sa wa zare."

"Jiya-jiya kika ce wa Kawu Bede ya daina zagayawa ta bayan shago, kin ga sawunsa."

Ta ɗan murmusa. "Wannan ai ko makaho ya gani, ƙafarsa kamar faranti." Sannan ta dubi Fabian inda yake zaune, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta.

Saja bai hana ba, don ya san sunanta tun kafin a kawo shi yankinmu. Ta tsaya a bakin matakala ta kore mu baya, tana mita wai mun tattake wurin kamar garken shanu. Ta sunkuya ta daɗe, tana karkata kai don rana ta bugi ƙasar ta gefe.

"Ga na mamacin, ya sauka bai hau ba. Ga na Bernadette, ta sauka da ƙafa biyu ta hau da huɗu. Ga kuma wannan." Ta zagaye shi da tsinke. Sawun babban takalmi ne mai haƙora, irin na masu hawa dutse. "Wannan ya riga mamacin sauka. Da zai fito, a guje ya fito."

Zuciyata ta yi sanyi. Duk cikinmu 'yan gari ba mai irin wannan takalmi, daga silifas sai ƙafa tsirara.

*

Takalman na nan a gindin tsamiya, an jera su tsaf. Na wani Bature ne mai suna Henning, mai ƙaton ciki da kyamara biyu. Da Saja ya ɗaga su sai fuskar Henning ta yi fari fat.

"Nawa ne, amma tun sha ɗaya na cire su. Sun yi mini bororo a dunduniya."

"Ka tambayi mamacin ko zai sayar maka da ƙoƙon kan," in ji Saja. "Matarka ce ta faɗa."

"Wasa nake yi! Wa zai shiga jirgin sama da kan mutum?"

Na so ƙwarai a ce shi ne, Allah ya sani. Amma matan garinmu uku suka ce tun kafin azahar yana tare da su a kan duwatsu, wai zai koyi ɓamɓaro katantanwa. Ɗaya ta ce, "Ai mun sha kallo. Yana tafiya yana tsalle kamar kaza a kan kwano mai zafi." Ya ɗaga tafin ƙafarsa, duk ya yayyanke.

Anti Imelda ta karɓi takalmin ta juya shi, ta koma ta sake duba sawun. "Ba shi ba ne. Wannan nauyinsa ya ninka na wanda ya taka nan. Kuma takalmin ya yi wa mai shi yawa, dunduniya tana ja. Bai ma saba da takalmi ba, ɗaga ƙafa yake kamar mai tafiya cikin ruwa."

Saja ya gyaɗa kai a hankali. "Wato ɗan gari ne. Wanda ya san kina nan, ya san in ya taka da ƙafarsa za ki gane shi." Ya ajiye takalmin kusa da ƙafar Fabian. Ya fi ƙafar da yatsa biyu.

Ni na jawo tsohuwa don ta cece shi, ga shi ta ƙara ɗaure shi. Na ce mu bi sawunsa zuwa lakar da ya ce ya je. Muka je, ruwa ya riga ya ciko ya shafe komai.

*

Ƙarfe huɗu saura. Anti ta ce in raka ta mu bi takalmin tun daga tsamiya zuwa Kango. Siririyar hanya ce ta yashi, hagu ragowar katanga ce da ta kai kafaɗa, dama kuma fili ne mai gajeriyar ciyawa mai ƙaya, har zuwa gaɓa. Tana gaba ina biye, tana ta magana ita kaɗai.

A tsakiyar hanya ta tsaya cak. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta sake duban dama. Sai kawai ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da hannu.

"Anti, mene ne?"

"Ba komai. Na gaji."

"Me kika gani?"

"Na ce miki ba komai. Mu koma."

Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce ta ci kifin Fabian shekara da shekaru, na ce ita ta yi masa wanka yana jariri, na ce in ya mutu a can ita zan nuna wa mutane a wurin makoki. Ta bari har na gama.

"Kin gama? To zo ki duba. Wannan ƙafar wa ce?"

Ƙaramar ƙafa ce tsirara, babban yatsa a karkace. "Taki ce."

"Da rana na je bayan ganuwa ɗebo itace, ina dawowa ke nan. Bi ta da ido."

Na bi. Sawunta ya taho sosai a tsakiyar hanya, sai a daidai nan ya lanƙwasa ya bi jikin katanga, taku kamar goma, sannan ya dawo tsakiya. Na dubi ɗaya gefen. Sawun takalmin ma a daidai nan ya bar hanya, ya shiga cikin ƙaya, ya tsaya wuri guda har ya nutse, bakin takalman suna kallon teku. Daga nan ya dawo hanya, ya taka a kan nata sawun ya wuce Kango.

Ba sai an yi mini bayani ba. A al'adarmu mace da mijin 'yarta ba sa kallon juna, ba sa magana, ba sa kiran sunan juna. Duk macen garinmu da ta aurar da 'ya ta san wannan kaucewar, kuma a cikin mazan da suka zo ranar, mutum ɗaya ne zai yi wa Anti Imelda ita.

"Na hangi mutum ya ba da baya, sai na kau da kai na wuce," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya ina yin haka, ko tunani ba na yi. Da na saci kallon ƙafarsa sau ɗaya, da na ga takalman, da na aika ki tsayar da shi. Wata biyu ya rage Loretta ta haihu."

Ambrose ɗan ƙanwar babana ne, mutumin da ko kare ba ya daka wa tsawa. Daga can bakin ruwa muka ji an ta da injin jirgin 'yan sanda.

"Ɗaga ni," in ji ta.

*

Muka tarar an riga an sa wa Fabian ankwa. Bai yi gardama ba, idonsa ya riga ya tafi wani wuri, irin kallon da ya dawo da shi daga birni. Anti ta ce wa Saja ya tara kowa a hanyar Kango, minti goma kawai take so. Ya dubi agogo, ya dubi ruwa, ya yarda.

Ta nuna masa inda takalmin ya kauce. Ya ɗaga kafaɗa. "Ya ji motsi ya ɓuya. Kowane ɓarawo haka zai yi."

"Ɓuya a ina, ɗana? Ga katanga taku uku a hagunsa, ya bar ta ya shiga fili, ciyawar ko gwiwarsa ba ta kai ba. Kuma mai ɓuya yana kallon wanda yake ɓuyar wa. Wannan teku yake kallo."

"To wane ne?"

"Ba zan iya faɗin sunansa ba."

"Ba ki sani ba ke nan."

"Na sani. Bakina ne ba shi da ikon faɗa. Jera mini mazan nan a kan hanya."

Aka jera su: Henning da wani Bature, Kawu Bede, Fabian da ankwarsa, sai Ambrose a ƙarshe, wanda kurtu ya kirawo daga wajen jirgi. Anti ta koma can bakin ganuwa, ta ja ɗankwalinta ya rufe gefen fuskarta, ta taho a hankali.

Mu 'yan gari duk mun gane. Na ji Loretta ta ja numfashi a bayana. Anti ta wuce Turawan, suna kallonta ba su san me ake ciki ba. Ta wuce Kawu Bede. Ta wuce Fabian. Ina kallon Ambrose, gumi na zuba a wuyansa, ya dafe ƙafafunsa a ƙasa da ƙarfi. Da zai iya tsayawa minti ɗaya kawai, da Saja bai ga komai ba. Saura taku shida tsakaninsu, saura biyar, sai ya bar hanya ya shiga cikin ƙaya da ƙafa tsirara, ya juya ya fuskanci teku.

Anti ta bi jikin katanga ta wuce, ta je ta zauna nesa ta ba mu baya.

Saja ya dubi tsohon sawun takalmin, ya dubi inda Ambrose yake tsaye. Ya ce a hankali, "Surukinta ne?"

Ambrose ne ya yi magana, bai juyo ba.

"Kakan kakana ne a cikin gilashin nan. Sau uku ina zuwa da dattawa muna roƙonsa, ya ce mu rubuta takarda. Mun rubuta. Yau na ga wata ta ɗora masa hularta tana dariya. Na ce in ɗauke shi kawai in mai da shi inda yake, ba wanda zai sani. Ina fitowa muka haɗu a matakala, ya kama rigata, na fizge. Na ji ƙarar faɗuwarsa. Ban koma na duba ba."

"Ka ga an sa wa Fabian ankwa," na ce. "Kana tsaye kana kallo."

"Na gani, Yaya. Tun ɗazu nake cewa yanzu zan yi magana, sai in dubi Loretta."

Saja ya tambaye shi inda ƙoƙon kan yake. Ya ce ya naɗe shi da ɓawon itace ya sa shi inda ya kamata, kuma dattawa kaɗai zai gaya wa. Saja ya buɗe baki, ya dubi Kawu Bede, dattijon da ke cikinmu, ya fasa.

*

Aka cire ankwa daga hannun Fabian aka mai da ta hannun Ambrose. Na rungume ƙanena ina kuka, kuma ba zan ɓoye ba, murna nake yi, murnar da har yau nake jin kunyarta. Aka ɗauko gawar a nannaɗe aka sa a jirgin 'yan sanda. Loretta ta ce da su za ta tafi. Kafin ta shiga ta tsaya a bayan uwarta.

"Cewa za ki yi ba ki ga komai ba, Mama. Wa zai ƙaryata ki?"

Loretta ta jira, sannan ta juya ta shiga ruwa har gwiwa, kurtu ya ja ta sama.

Ambrose ya kira ni da ido, na matsa. "Ki gaya wa tsohuwar can ban riƙe ta a rai ba. Ki ce ta kula da abin da za a haifa."

Na kai saƙon. Tana zaune a kan yashi, bayanta ga teku, hannayenta a kan cinya.

"Ki gaya masa tun da ya auri 'yata ban taɓa kwana da yunwa ba. Ki ce na san wanda ke ajiye kifi a ƙofata."

Na ruga bakin ruwa, amma sun riga sun ja baya, injin ya cika wurin da ƙara. Na ɗaga murya na faɗa, ban sani ba ko ya ji. Na dawo na tsaya kusa da ita.

"Sun yi nisa?"

"Ba su yi ba tukuna, Anti."

"Ya juyo?"

"Ya juyo. Nan yake kallo."

Na ga wuyanta ya motsa kaɗan, sannan ta riƙe shi. Ta kama gefen zanena ta damƙe.

"Ki duba mini shi da kyau, 'yar nan," in ji ta. "Ni ban san fuskarsa ba."